Filin Tambaya da Amsa: Wallafa Hoton Wanda Aka Kama a Intanet, Adalci Ne?

Wasiƙu huɗu muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu a kan hoton da 'yan sanda suke ɗaukar mutum bayan sun kama shi, da abin da yake biyo baya idan hoton ya hau intanet. Mun sakaya sunayen masu tambaya saboda yanayin batun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Shekara biyu ke nan da 'yan sanda suka kai samame gidan hayar da ƙanina yake zaune, suka kwashe duk samarin da suka tarar bisa zargin an ɓoye kayan sata a ɗaya daga cikin ɗakunan. Washegari aka tsayar da su ɗaya bayan ɗaya a jikin bango, kowa riƙe da allo mai ɗauke da sunansa, aka ɗauki hotonsu aka wallafa a shafin rundunar. Bayan kwana huɗu aka sallami ƙanina ba tare da an kai shi kotu ba, domin an gano ba shi da hannu. Hoton yana nan har yau, kuma wasu shafuka sun kwafa. Sau biyu yana kaiwa matakin ƙarshe a neman aiki sai a ji shiru, kuma a karo na biyu wani ya tsegunta masa cewa an rubuta sunansa a Google an ga hoton. An ce mini doka ba ta hana ba. Ko da ba ta hana ba, wannan adalci ne? Daga yayar wanda abin ya shafa.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya kawo wa ƙaninki mafita, ya musanya masa da aikin da ya fi wanda ya kuɓuce masa. Abin da aka yi masa ba adalci ba ne, kuma ba sai na duba dokar wurin da kuke ba kafin in faɗi haka, domin doka takan bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har ma daga jiha zuwa jiha, amma cutar da ake yi wa mutumin da ba a same shi da laifi ba iri ɗaya ce a ko'ina.

Ya kamata mu fara tuna dalilin ɗaukar wannan hoto tun asali. Wani ma'aikacin ajiyar takardu a hedikwatar 'yan sandan birnin Paris, Alphonse Bertillon, shi ne ya daidaita tsarin da ake bi har yau, wato hoto ɗaya ta gaba, ɗaya ta gefe, a tazara ɗaya da haske iri ɗaya, kuma tsarin ya kankama a birnin a 1888. Matsalar da yake son magancewa ita ce ta mutumin da aka taɓa kamawa, ya dawo da sabon suna ya rantse bai taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Hoton ke nan kayan aiki ne na cikin gida, mazauninsa durowa, masu dubansa jami'an bincike. Abu biyu kawai yake shaidawa: wannan ce fuskar mutumin, kuma a rana kaza ya shiga hannu. Bai ce komai a kan laifi ba.

Sai dai mai kallo ba haka yake karanta shi ba. Ki sake duban hoton ƙaninki da kyau. Mutum ne da ya kwana a bayan kanta a kan siminti, bai yi wanka ba, ba a bar shi ya gyara wuyan rigarsa ba, idanunsa sun yi ja don rashin barci ko kuka, an ce ya tsaya a jikin bango kada ya motsa, ga allo a ƙirjinsa. Ko mutumin da ya fi kowa kamala aka tsayar haka aka ɗauka, fuskarsa za ta yi kama da ta mai laifi, domin tun muna yara muka saba ganin wannan tsayuwa tare da labarin ɓarna. An ce gani ya kori ji, to a nan ganin ne yake yaudara. Mai ɗaukar ma'aikata da ya ga hoton ba zai tsaya neman yadda aka ƙare ba, yana da wasu takardu hamsin a gabansa, sai ya ture ta ƙaninki gefe ya ɗauki ta gaba, kuma ba zai taɓa faɗa masa dalili ba, balle ya samu damar kare kansa.

Ƙa'idar da aka taka tsohuwa ce. Malaman fiƙihu sun ce asalin mutum kuɓutacce ne, kuma hujja tana kan mai da'awa. Sashe na 11 na Sanarwar Haƙƙin Ɗan'adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948 ya ce duk wanda ake tuhuma da laifi za a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar da laifinsa a shari'ar da aka ba shi damar kare kansa. Don a kama mutum, zargi mai ɗan tushe ya wadatar, amma don a hukunta shi sai da hujjar da ba ta bar kokwanto ba, kuma tsakanin waɗannan biyun akwai tazara mai faɗi da mutane masu yawa suke fita ta cikinta a wanke. A Amurka kaɗai, alƙaluman FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta ƙasar, sun nuna an yi kame kimanin miliyan 10 a 2019, kuma da yawa daga irin wannan kame yakan ƙare ba tare da an samu mutum da laifi ba.

Wanda ya ce miki doka ba ta hana ba wataƙila gaskiya ya faɗa, kuma akwai wata tsohuwar shari'a da take nuna yadda doka kan gaza a nan. A watan Disamba na 1972, 'yan sandan birnin Louisville na jihar Kentaki suka raba wa 'yan kasuwa kimanin 800 wata takarda mai ɗauke da hotuna da sunayen waɗanda suka kira ɓarayin kanti da suke kan ganiyarsu. A cikinsu akwai wani mai ɗaukar hoto a gidan jarida, wanda aka taɓa kamawa, ya musanta tuhumar, ba a kuma yanke masa hukunci ba, kuma jim kaɗan bayan raba takardar aka kori ƙarar gaba ɗaya. Ƙarar da ya shigar a kan 'yan sandan ta kai har Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar da ake kira Paul da Davis, amma a 1976 alƙalai biyar cikin takwas suka ce zubar da mutunci shi kaɗai bai isa a ce an tauye masa haƙƙin da tsarin mulki ya kare ba. Alƙalai ukun da suka saɓa sun yi gargaɗi cewa an ba jami'an gwamnati damar lafta wa mutum sunan mai laifi ba tare da shari'a ba.

Waccan takarda ce da ta tsaya a hannun 'yan kasuwa 800, ta tsufa ta yage. Intanet kuwa ba ta tsufa, kuma alƙalai ma sun fara lura da hakan. A 1996 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yanke cewa dole hukuma ta miƙa wa jaridar Detroit Free Press hotunan waɗanda ake yi wa shari'a, domin a ganinta babu wani sirri da za a kare. Bayan shekara ashirin, a 2016, wannan kotun dai ta sake zama a kan ƙarar wannan jaridar dai, ta warware hukuncinta na farko da rinjayen alƙalai 9 a kan 7. Dalilinta shi ne a da hoton yakan fito a jarida ko talabijin sau ɗaya ya wuce, yanzu kuwa duk wanda ya rubuta sunan mutum zai gan shi, ko bayan shekaru. A watan Satumba na 2024 wata kotun ɗaukaka ƙarar ta ƙara matsawa gaba a kan ƙaramar hukumar Maricopa ta jihar Arizona, inda a lokacin ofishin shugaban 'yan sandan yankin yake wallafa hoton duk wanda aka kulle na tsawon kwana uku. Mutumin da ya kai ƙara ba a taɓa gurfanar da shi ba, kuma kotun ta ce ƙorafinsa na cewa an hukunta shi kafin shari'a yana da tushe, a ci gaba da sauraronsa.

Turai ta riga Amurka a wannan hanya. Tun shekarar 2000 dokar Faransa ta haramta yaɗa hoton mutum da ankwa a hannu kafin a yanke masa hukunci, ba tare da yardarsa ba, kuma tarar ta kai yuro 15,000. Shi ya sa Faransawa da yawa suka kaɗu a watan Mayu na 2011, lokacin da 'yan sandan New York suka fito da Dominique Strauss-Kahn, shugaban Asusun Ba da Lamuni na Duniya a lokacin, da ankwa a gaban kyamarori, kuma a watan Agusta masu gabatar da ƙara suka janye tuhumar. A 2005 kuma Kotun Haƙƙin Ɗan'adam ta Turai ta samu Italiya da laifin keta haƙƙin wata malamar makaranta, saboda jami'ai sun miƙa wa jaridu hotonta daga fayil ɗin bincike.

Abin da ya fi ƙona mini rai a labarin ƙaninki shi ne ranar da aka kama shi an yi shela, ranar da aka sallame shi kuwa ta ƙofar baya ya fita, babu wanda ya rubuta ko layi ɗaya. Hukumar da ta iya yin na farkon wajibi ne a kanta ta yi na biyun. Shawarata ita ce ya nemi takardar shaidar cewa an sallame shi ba tare da tuhuma ba, sannan lauya ya rubuta wa shugaban rundunar wasiƙa yana neman abu biyu, a sauke hoton, a kuma wallafa gyara a shafin da aka sa shi. Idan an yi biris, a kai ƙorafi ga hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ko hukumar da take sa ido a kan 'yan sanda, ko kuma kotu. Kafin nan, idan ya je neman aiki, ya fi masa alheri ya riga su faɗa, da takardarsa a hannu, a kan su gano da kansu su yi shiru.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon ɗan sanda ne, na yi shekara talatin da ɗoriya ina aiki kafin in yi ritaya. Ina jin masu cewa a daina nuna fuskar waɗanda aka kama, sai in ga ba su san aikin ba. Da idona na ga an nuna ɗan damfara ɗaya, washegari mutum bakwai da ya cuta suka yi layi a ofis. Nuna su yana tsorata masu niyyar ɓarna, yana kuma kwantar wa jama'a da hankali su san ana aiki. In an hana, wa aka taimaka in ba ɓarawo ba? Daga wani sufeto mai ritaya.

AMSA: Baba, Allah ya saka da alheri a kan shekarun da ka ba wa aikin tsaro, ya ƙara lafiya. Abin da ka gani da idonka gaskiya ne, kuma ba ni da niyyar rage masa nauyi. Hoto yana kama mai laifi. Tun ranar 14 ga Maris na 1950 hukumar FBI take fitar da jerin mutum goma da take nema ruwa a jallo, sama da mutum 500 sun shiga jerin, kuma sama da 150 daga cikinsu an same su ne da taimakon jama'ar da suka ga hoto. James Bulger, ƙasurgumin shugaban gungun masu aikata laifi na birnin Boston, ya yi shekara 16 yana ɓuya, sai a watan Yuni na 2011 aka cafke shi a Santa Monica, kwanaki kaɗan bayan an fara nuna hoton matar da suke tare a talabijin. Koriya ta Kudu ma ta faɗaɗa dokarta a watan Janairu na 2024 domin a riƙa bayyana fuskar waɗanda ake zargi da manyan laifuka ko da ba su yarda ba.

Amma ina roƙon Baba ya lura da wani abu a waɗannan misalai. Wanda ake nema ruwa a jallo ya gudu ne, hoton kuma shi ne hanyar kamo shi. Wanda yake kulle a hannunku babu sauran nemansa. Koriya ta Kudu kuwa ta taƙaita abin ga manyan laifuka, ta sa sai an zauna an tantance kafin a fitar, ta kuma ƙayyade kwana 30 a intanet. Labarin ɗan damfarar da ka kawo shi ma yana da dalili takamaimai: akwai alamar ya cuci wasu da ba a san su ba, kuma nuna fuskarsa ita ce hanyar gano su. A irin wannan ni ma ina tare da kai, muddin babban jami'i ya rubuta dalilin ya sa hannu, an faɗa a fili cewa zargi ne, an kuma sauke hoton idan buƙata ta biya. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shi al'adar kowace safiya, a jera wanda aka kama da faɗa da maƙwabci, da wanda samame ya rutsa da shi, da mai kisan kai, duk a layi ɗaya a shafi ɗaya. A Maricopa da na ambata, a zamanin shugabancin Joe Arpaio har zaɓen hoton da ya fi ɗaukar hankali a rana ake gayyatar jama'a su yi, kuma da wuya a nuna wane bincike wannan ya taimaka wa.

Maganar tsoratarwa kuwa, Baba, ita ce take tabbatar da damuwata. Abin da yake tsorata mutane a nuna fuska shi ne kunya da zubewar mutunci, wato azaba ce. Azaba kuma aikin alƙali ne bayan ya saurari ɓangare biyu, kuma tana da iyaka: wata shida, shekara biyu, tara kaza. Hoton intanet ba shi da ranar ƙarewa, yana kuma hawa kan mata da 'ya'ya da iyayen da ba su ji ba ba su gani ba. Yaro zai shiga aji ya tarar ana miƙa waya hannu da hannu, fuskar mahaifinsa a ciki. A inda jama'a suke saurin ɗaukar doka a hannunsu, wanda aka sallama bayan an yaɗa hotonsa yana iya komawa gida ya tarar da taron da ba ya sauraron takardar sallama.

Akwai kuma ɓarnar da abin yake yi wa shari'ar kanta, wadda na tabbata ka san ta fiye da ni. Shaidan da ya ga fuskar wanda ake zargi a waya kafin a jera masa mutane ya nuna, ba za a iya tantance wa yake tunawa ba, mutumin da ya gani daren da abin ya faru ko hoton da ya gani jiya. Masana halayyar ɗan'adam sun daɗe da nuna cewa ganin hoto da wuri yana gurɓata shaidar ganewa, kuma lauyan wanda ake tuhuma yakan yi amfani da hakan ya rusa ƙarar. Ta haka marar laifi yana iya shiga kurkuku, mai laifi kuma yana iya kuɓuta.

A Ingila, a ƙarshen Disamba na 2010, an kama wani malamin makaranta mai ritaya a birnin Bristol bayan an kashe wata matashiya da take haya a gidansa. Jaridu suka cika shafukansu da hotunansa suna kwatanta shi da mutum mai ban tsoro, alhali wani maƙwabci ne ya yi kisan, kuma an yanke wa maƙwabcin hukunci a 2011. Jaridu takwas suka biya malamin diyya, aka ci tarar biyu saboda raina kotu. Tun 2013 ƙa'idar 'yan sandan Ingila ita ce kada a faɗi sunan wanda aka kama kafin a tuhume shi sai da dalili na musamman, hoton kulle kuma galibi sai bayan hukunci ake fitar da shi. A watan Yuli na 2020 shugaban 'yan sandan San Francisco, Bill Scott, wanda shi ma baƙar fata ne, ya dakatar da fitar da hotunan sai idan akwai haɗari ga jama'a, yana mai cewa yawan ganinsu yana sa a ɗauka baƙaƙen fata sun fi kowa aikata laifi fiye da yadda abin yake. Jihar Kalifoniya ta hana 'yan sanda sa hoton wanda ake zargi da laifin da ba na tashin hankali ba a shafukan sada zumunta a 2021, daga 2024 kuma ta wajabta sauke wanda aka sa cikin kwana 14 in babu dalilin barinsa. Jihar Legas ita ma ta haramta holen waɗanda ake zargi a gaban 'yan jarida a gyaran dokarta na 2021. A duk waɗannan wurare ana ci gaba da kame da bincike da gurfanarwa. Idan rundunar tsaro tana son jama'a su san tana aiki, ta faɗa musu mutum nawa ta kai kotu, nawa aka samu da laifi, kaya nawa aka mayar wa masu su.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibin aikin jarida ne. An koya mana cewa kama mutum aikin gwamnati ne, kuma aikin gwamnati ba ya ɓuya. Idan aka rufe hotuna, ba a buɗe wa 'yan sanda ƙofar kama mutane a asirce ba? Daga ɗalibinka.

AMSA: Ɗana, wannan ita ce hujja mafi ƙarfi a ɓangaren masu son a wallafa, kuma ina so ka riƙe ta da kyau duk tsawon aikinka. Kamen sirri masifa ne. A Ajantina, a mulkin soja na 1976 zuwa 1983, an riƙa ɗauke mutane daga gidajensu hukuma tana musanta cewa suna hannunta, kuma kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwar sojojin ya tattara sunayen kusan mutum 9,000 da suka ɓata. Duk tsarin da zai bar hukuma ta kulle mutum ba tare da rubutu ba, a guje shi.

Sai dai ka tambayi kanka me yake kare wanda aka kama. Rajista ce mai ɗauke da sunansa, da lokacin da aka kama shi, da wurin da yake tsare, da dalili, da sunan jami'in da ya kama shi. Sai sanar da iyalinsa, da barin lauya ya gan shi, da kai shi gaban alƙali cikin wa'adin da doka ta gindaya, da zaman kotu a buɗe wanda kai ɗan jarida za ka shiga ka zauna. Duk waɗannan suna yiwuwa ba tare da an liƙa fuskarsa a Facebook ba. Shi kansa hoton a ɗauka a adana, domin wani lokaci shi ne shaidar kumburin ido ko fashewar leɓe da mutum ya samu a hannun masu kamu, kuma ya zama haƙƙin mai shi da lauyansa da kotu su karɓa, ɗan jarida kuma ya nema idan akwai maslahar jama'a. Kotun Ƙolin Amurka ta yi wani bambanci mai amfani a 1989, da ta ƙi a ba 'yan jarida tarin bayanan kamen wani mutum da FBI ta haɗa wuri ɗaya. Ta ce bayanin da sai mutum ya taka zuwa kotuna da ofisoshi ya tono shi daban yake da wanda aka tara a kwamfuta ana samunsa da danna maɓalli ɗaya.

Masu mulki kuwa hukuncinsu daban ne, domin jama'a suna da haƙƙin sanin halin wanda suka damƙa wa amana. Ka kuma lura cewa su hoton ba ya karya su yadda yake karya talaka. Da aka ɗauki hoton Donald Trump a gidan yarin Fulton na jihar Jojiya ranar 24 ga Agusta na 2023, kwamitin yaƙin neman zaɓensa ya buga shi a riguna ya sayar. Hoton Rosa Parks, 'yar gwagwarmayar haƙƙin baƙaƙen fata a Amurka, riƙe da lamba 7053, wanda aka ɗauka a 1956 lokacin ƙaurace wa motocin bas a Montgomery, yau abin alfahari ne a tarihin gwagwarmayar baƙaƙen fata. Waɗannan suna da muryar da za su fassara hotonsu da ita. Saurayin da ke cikin wasiƙar farko ba shi da ita.

Gidajen jarida da dama sun daɗe suna cin ribar shafukan da suke jera irin waɗannan hotuna, domin suna jawo masu kallo, masu kallo kuma suna jawo talla. Wasu sun dawo daga rakiyar hakan. A 2021 kamfanin dillancin labarai na AP ya daina ambatar sunayen waɗanda ake zargi da ƙananan laifuka a labaran da ba zai bi diddiginsu ba, jaridar Boston Globe kuma ta buɗe hanyar da mutum zai nemi a sake duba tsohon labarin da yake cutar da shi. Ma'aunin da nake ba ka shi ne wannan: kafin ka sa fuskar mutum, ka tambayi kanka ko za ka je kotu ranar yanke hukunci, ka ba sakamakon fili daidai da wanda ka ba kamun. Idan ka san ba za ka je ba, ka ba da labarin ba tare da fuska da suna ba.

TAMBAYA: Malam, an taɓa kama ni, kotu ta wanke ni. Wani shafi yana ɗauke da hotona, na rubuta musu, sun ce in biya kuɗi su cire. In biya? Daga wani ɗan'uwa.

AMSA: Kada ka biya, ɗan'uwa. Wannan sana'a sananniya ce. Ta bunƙasa a Amurka, inda wasu suke kwashe hotuna daga shafukan 'yan sanda da manhaja, su jera su yadda za su fito a sahun farko idan an nemi sunan mutum, sannan su sa farashin cirewa, wanda wani binciken jaridar New York Times na 2013 ya nuna yana kamawa daga dala 30 zuwa 400 ko fiye. Wanda ya biya sau da yawa yakan ga hoton ya ɓulla a wani shafin, domin biyan ya nuna akwai abin tatsa a jikinsa. A shekarar ce Google ya sauya tsarinsa don tura irin waɗannan shafuka baya, wasu kamfanonin katin kuɗi kuma suka yanke hulɗa da su. A watan Mayu na 2018 babban lauyan jihar Kalifoniya ya tuhumi mutum huɗu da ake zargin suna bayan ɗaya daga cikin manyan shafukan, yana cewa sun karɓi sama da dala miliyan 2 daga hannun mutum sama da 5,000 cikin shekara uku, kuma jihohi da dama sun haramta karɓar kuɗin cirewa.

Ka adana saƙon da suka nemi kuɗi a ciki, ka ɗauki hoton shafin da adireshinsa da kwanan wata, ka haɗa da kwafin hukuncin da ya wanke ka. Google yana da fom na neman a cire sakamakon bincike daga shafukan da suke karɓar kuɗi kafin su sauke bayanin mutum, kuma saƙon nasu shi ne hujjarka. Hakan ba ya goge hoton daga shafin, amma yana hana shi fitowa idan an rubuta sunanka, wanda shi ne mafi yawan cutarwar. Mazauna Tarayyar Turai suna da ƙarin ƙarfi, domin tun hukuncin kotun Tarayyar na watan Mayu na 2014 suna da haƙƙin neman a cire tsohon bayanin da ya daina amfani daga sakamakon bincike, kuma ƙasashe da dama sun yi dokokin kare bayanan mutane masu kama da haka. Bayan nan ka rubuta wa kamfanin da yake ɗauke da shafin a na'urorinsa, ka kuma nuna wa lauya saƙon, domin a dokokin wurare da yawa neman kuɗi ta wannan hanya yana iya shiga babin ƙwace ta hanyar barazana.